Barbaro: dokin da karayarsa ta ɗoru amma ƙafar lafiya ta kashe shi

Duk wanda ya taɓa kiwon akuya ya san in ta karye a ƙafa ba wani tashin hankali bane, a samo kara ko 'yan itatuwa a jera a naɗe da tsumma a ɗaure, ita kuma ta ci gaba da yawonta da ƙafa uku tana cin dusarta, bayan 'yan makonni sai ka ga ta fara dogara ƙafar. Kare ma haka, har yanke masa ƙafa ɗaya ake yi ya rayu shekaru yana gudunsa. Amma doki in ya karye a ƙwauri yawanci magana ta ƙare, kuma mutane da yawa sun ɗauka wai ƙashin doki ne baya ɗoruwa. Ba haka bane, yana ɗoruwa sarai. Matsalar tana wani wuri daban, kuma ban san wani lamari da ya fito da ita fili kamar na wani ingarman tsere na Amurka mai suna Barbaro ba, wanda aka yi wata takwas ana fama da shi a asibitin dabbobi tsakanin 2006 da 2007.

An haifi dokin a ƙarshen watan Afrilu 2003, masu shi wasu miji da mata ne, Roy da Gretchen Jackson, a jihar Pennsylvania, mai horar da shi Michael Matz, mahayinsa kuma Edgar Prado ɗan asalin ƙasar Peru. Ranar 6 ga Mayu 2006 ya ci Kentucky Derby, wadda ita ce gasar tseren dawaki mafi suna a Amurka, kuma ba ci na da ƙyar ba, ya ba na biyu ratar tsawon doki shida da rabi, rabon da a ga rata irin wannan tun 1946. Tsere shida ya shiga zuwa lokacin duk ya cinye. To a can akwai manyan gasa uku da ake yi a jere cikin makonni biyar, Derby ce ta farkonsu, kuma a lokacin rabon da doki ɗaya ya haɗa ukun tun 1978, sabida haka kowa ya sa rai wannan ne zai yi.

Gasa ta biyu ita ce Preakness, a filin Pimlico da ke Baltimore, ranar Asabar 20 ga Mayu, mutum sama da dubu ɗari a filin banda masu kallo a talabijin. Tun kafin a ba da alama Barbaro ya bangaje ƙofar kejin tashi ya fito shi kaɗai, aka kamo shi, likitan filin ya duba bai ga komai ba, aka mayar da shi. Da aka tashi na gaske kuwa ko nisa ba a yi ba sai ƙafarsa ta baya ta dama ta karye. Prado ya ji abun a jikinsa nan take, ya ja linzami a hankali har ya tsayar da shi, ya diro, ya sa kafaɗarsa ya tokare dokin dan kar ya dogara ƙafar. Wannan 'yan daƙiƙun kar ka raina su, domin doki mai zafin gudu in an bar shi zai ci gaba da taka karyayyar ƙafa har ƙashin ya huda fata ya fito, kuma da zarar ƙasar fili ta shiga cikin raunin to ƙwayoyin cuta sun riga likita. A wajen Barbaro fatar bata fashe ba, kuma jini bai daina sauka zuwa kofaton ba. Abu biyun nan su suka sa ma aka yi tunanin tiyata tun farko.

Aka sa masa takalmin ƙarfe na gaggawa mai riƙe ƙafa a miƙe, aka ɗauki hoton ƙashi a barga, sannan aka sa shi a motar asibiti 'yan sanda na rakiya zuwa New Bolton Center, wato asibitin manyan dabbobi na Jami'ar Pennsylvania da ke Kennett Square, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya. Shugaban sashen tiyata na wurin, Dakta Dean Richardson, baya ma gari a ranar, yana Florida, a talabijin ya ga abun. Bai yi gaggawar yanka a daren ba, aka bar dokin ya huce, gumin tsere ya bushe, hankalinsa ya kwanta, sai washegari Lahadi.

Sai an ɗan fahimci ƙirar ƙafar doki kafin a gane girman ɓarnar. Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye a kowace ƙafa, kofaton nan farcen yatsan ne. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka ko kaɗan, ƙashi ne da jijiyoyi da fata kawai, shi yasa in ka shafa ƙwaurin doki kake jin sa kamar sanda. Ƙarƙashin ƙwaurin akwai gaɓar nan da ke lotsawa ƙasa in doki na sukuwa kamar zata taɓa ƙasa sannan ta dawo, wadda mutane ke ɗauka idon sawu ce, a bayanta akwai wasu 'yan ƙananan ƙasusuwa biyu da jijiyoyi ke ratayuwa a kansu, su ne suke aikin sifirin. Ƙarƙashin gaɓar kuma sai dogon ƙashin yatsa, sai gajere, sai na cikin kofato. To Barbaro ƙarshen ƙashin ƙwaurinsa ya tsage a saman gaɓar, ɗaya daga cikin ƙananan ƙasusuwan baya ya karye, gaɓar kanta ta goce, dogon ƙashin yatsan kuma ya farfashe gida fiye da 20. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya raba doki da tsere, shi kuma duk ya haɗa a ƙafa ɗaya. Yawancin dawakin da suka ji irin wannan a filin ake musu allurar mutuwa, ko asibiti ba a kai su.

Tiyatar ta ɗauki sama da awa biyar. Ba wai an yi niyyar mayar da gaɓar yadda take bane, wannan ba zai yiwu ba, kuma babu wanda ya yi mafarkin dokin zai sake tsere. Abun da aka yi shine a kashe gaɓoɓin gaba ɗaya, a kankare guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, a jera gutsattsarin yadda za su jeru, a ɗebo ƙashi mai ɓargo daga wani sashe na jikinsa a cusa a ramukan ya zama kamar iri, sannan a kawo dogon farantin ƙarfe mai huji-huji a shimfiɗa tun daga ƙwauri har ƙasa a ɗaure da sukuru, dan a ƙarshe duk su narke su zama ƙashi ɗaya miƙaƙƙe. Sukuru 27 aka sa masa. In ka ga hoton ƙashin da aka fitar bayan aikin sai ka rantse akwatin kayan kafinta aka zazzage a cikin ƙafar.

Farantin nan yana da labari. Dabarar ɗori da ƙarfe a cikin jiki wasu likitocin mutane ne a Suwizalan suka daidaita ta, ƙungiyar da ake kira AO wadda su Maurice Müller suka kafa a 1958, daga baya a 1969 aka buɗe reshenta na dabbobi. Tsohon faranti yadda yake aiki, sukuru ne ke matse shi a jikin ƙashi, matsin ne ke riƙe komai, kamar yadda kafinta ke ɗaure fata a jikin ƙyaure, to in katakon ruɓaɓɓe ne ko ya farfashe sukurun ba shi da abun kamawa sai ya fara girgiɗi. Sabon samfurin da ya fito wajen shekarar 2000, wanda aka sa wa Barbaro, shi kan sukurun ma zare gare shi, hujin farantin ma zare gare shi, sai sukurun ya ɗauru a jikin farantin kansa ya kulle, duk su zama abu ɗaya da baya lanƙwasa, ba sai ya dogara da ƙarfin ƙashin da ya riga ya zama tsakuwa ba, kuma baya danne jijiyoyin jinin da ke bayan ƙashi sosai. A lokacin ba a daɗe da fara gwada shi a jikin dawaki ba.

Sai dai fa kayan nan asalinsu dan mutum aka ƙera su. Mutum mai kilo 70 in an masa ɗori sai a ce ya kwanta, a bashi sanduna, a ce kar ka taka sai bayan wata biyu, kuma ya ji. Doki mai kilo 500 da wani abu wa zai gaya masa haka? Yana farfaɗowa tsayuwa zai yi, kuma ba taurin kai bane, jikinsa ne baya ɗaukar doguwar kwanciya, nauyinsa kansa yana danne tsoka da jijiyoyi su mutu, huhun da ke ƙasa ya cushe, hanji ya tsaya. Sabida haka daga ranar farko ƙarfen ne ke ɗauke da dokin, kowane taku yana ɗan lanƙwasa shi ya dawo, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. Likitocin ƙashin dawaki suna kallon abun a matsayin tsere tsakanin ƙashi da ƙarfe, ko ƙashin ya riga haɗewa ko ƙarfen ya riga gajiya.

Kafin ma a kai ga nan akwai wani siraɗin, farfaɗowa daga maganin barci. Doki dabba ce da in ta tsorata gudu take, in ya farka ya ji kansa a kwance kai na juyawa abu na farko da zai yi shine ya yi ta shure-shure yana neman tashi. A 1975 an yi wata shahararriyar goɗiya mai suna Ruffian da ta karye a filin Belmont, aka mata tiyata cikin dare aka gama lafiya, tana farkawa ta fara gudu a kwance, ta farfasa simintin da aka sa mata ta lalata aikin gaba ɗaya, dole aka kashe ta. A New Bolton suna da maganin wannan tun shekarun 1970, dabarar wani likita Jacques Jenny. Tun dokin na cikin barci ake ɗaure shi da wani babban majanyi, inji ya ɗaga shi ya bi da shi ta kan dogo a jikin silin, a sauke shi cikin wani kwalekwalen roba mai hannaye huɗu kamar wando, kowace ƙafa ta shiga nata, kwalekwalen kuma yana yawo a cikin kwamin ruwan ɗumi mai zurfi. Kansa na waje a kan matashin iska, jikinsa bai jiƙe ba, in ya farka ya yi ta harbi ruwa kawai yake harbi babu abun da zai buga. Sai ya gama haukansa ya dawo hayyacinsa sannan a rufe masa ido a ɗaga shi a sauke shi a kan ƙafafunsa. Haka aka yi wa Barbaro, kuma da ƙafarsa ya taka zuwa ɗakinsa a daren ya fara cin ciyawa. Duk da haka da 'yan jarida suka tambayi Richardson cewa ya yi rabi da rabi ne, ko ya rayu ko ya mutu.

Makonni shida na farko kamar an ci nasara. Yana ci, yana sha, yana kwanciya ya tashi da kansa, har an ce yana ɗaga kai yana wa goɗiyoyin da ke kusa haniniya. Mutane suka yi ta aiko da katuna da furanni da karas da tufa har aka rasa inda za a sa. A tsakiyar Yuni aka canza simintin aka ga komai lafiya. Sai farkon Yuli abubuwa suka fara juyawa, aka tarar wasu sukuru biyu sun lanƙwashe, aka canza su aka ƙara wasu uku, dokin ya fara zazzaɓi, ya fara ƙin dogara ƙafar, ranar 8 ga Yuli aka sake shiga da shi aka cire farantin gaba ɗaya da yawancin sukurun aka sa sababbi saboda ƙwayoyin cuta sun kama wurin. Wannan ma sananniyar masifa ce, ƙwayar cuta in ta samu ƙarfe a cikin jiki sai ta manne ta yi wa kanta wani yauƙi ta lulluɓe, maganin da ake sawa a jini baya ratsa shi sosai, ga shi ƙafar doki ta ƙasa ba tsokar da zata rufe ƙarfen ta kawo masa jini, fata ce kawai a kai.

To a 'yan kwanakin nan da ƙafar dama ke masa zafi, ina yake sauke nauyinsa? A kan ta hagu. Dare da rana.

Nan ne ainihin labarin yake. Ƙashin da ke cikin kofato ba zaune yake a kan tafin kofaton ba kamar ƙafa a cikin takalmi, a rataye yake. Tsakanin bangon kofato da ƙashin akwai wasu siraran ganyayyaki na nama, wajen 550 zuwa 600, kowanne kuma da nasa ƙananan rassan sama da ɗari, na jikin kofato da na jikin ƙashi sun sarƙe da juna kamar ka haɗa littafi biyu ka saka shafi cikin shafi. Wannan sarƙewar ita ke ɗauke da doki. In ganyayyakin suka kumbura suka saki, cutar da likitoci ke kira laminaitis kenan, sai ƙashin ya fara rabuwa da bangon, ya juya bakinsa ƙasa ko ya nutse gaba ɗaya, wani lokacin har ya huda tafin kofaton ya leƙo. Ka tuna zafin da kake ji in farcenka ya ɗaye, sannan ka ɗauka an ce ka tsaya a kan wannan farcen da buhu biyar a kanka. Abubuwa da yawa na kawo ta, doki ya ɓarke da cin hatsi ya wuce ƙima, ko ƙiba da matsalar sinadarin insulin, ko guba a jini daga ciwon hanji ko mahaifa, laminaitis ce ma ta kashe Secretariat a 1989, dokin da ake ganin ba a taɓa irinsa ba a Amurka. Amma nau'in da ke bin karaya daban yake, ƙafar da lafiyarta ƙalau ita ke rushewa dan kawai an bar mata aikin biyu.

Kuma ba wai ba a san da zuwanta bane. Tun ranar tiyatar farko aka sa wa ƙafar hagun takalmi na musamman dan a tallafe ta a kuma daidaita tsawonta da mai siminti, kullum ana duba ta. Bai hana ba. Ranar 13 ga Yuli Richardson ya fito ya gaya wa duniya laminaitis ta kama ƙafar hagu ta baya, mai tsanani ƙwarai, har sai da aka yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na bangon kofaton aka cire domin ya riga ya rabu da naman, kuma bai ɓoye ba ya ce damar rayuwar dokin ta yi ƙasa sosai. Yanzu ƙafafun baya biyu duk a naɗe. Aka riƙa sa shi a majanyi na wasu awanni a rana ya rage nauyi, ana bashi maganin kashe zafi har ta ƙashin baya. An zauna da masu shi a kan ko a haƙura, suka ce tunda yana ci, idonsa a buɗe, yana sha'awar abun da ke kewaye da shi, a ci gaba.

Wasu sun ce ai kuɗi ne, dokin da ya ci Derby in ya zama na barbara miliyoyin daloli ne. Maganar ba a banza take ba, domin a dokar masu rajistar irin waɗannan dawakin tsere ba a yarda da ɗurin maniyyi ba, dole ingarma ya hau goɗiya da kansa, wato dole ya iya tsayuwa a kan ƙafafun baya biyu da duk nauyinsa, ƙafafun da su ne suka lalace. Amma wannan ɗin ma shi ke nuna lissafin kuɗin bai da ƙarfi sosai bayan Yuli, ko ya rayu babu tabbacin zai iya hawa, kuma su Jackson sun sha faɗa cewa ko dandaƙaƙƙe ne haka za su yi. Ni na yarda da su a nan.

Abun mamaki sai ya farfaɗo. A watan Agusta aka fara fito da shi waje yana cin ɗanyar ciyawa a bakin asibitin, kofaton ya fara tsirowa daga sama. Kofato kuwa a hankali yake tsiro, bai cika kai santimita ɗaya a wata ba, kafin ya sauko daga gashi zuwa ƙasa sai an yi wata tara zuwa shekara. Ranar 6 ga Nuwamba aka cire simintin ƙafar dama gaba ɗaya. Ƙashin da ya farfashe gida ashirin da wani abu ya haɗe. Ƙafar ta ɗan karkace, tafiyarsa ba mai kyan gani bace, amma tana ɗaukarsa. A Disamba har an fara maganar sallamarsa a kai shi wata gona a Kentucky inda zai samu fili.

Sai dai kofaton hagun bai tsiro daidai ba, ɓangaren ciki ya ƙi kamawa. Farkon Janairu 2007 wani ƙwararren likitan kofato daga Kentucky ya zo ya sa masa siminti dan ya daidaita zaman ƙashin, bayan kamar mako guda dokin ya nuna zafi, aka buɗe aka ga wani sashen ya sake rabuwa, aka sake yankewa. Kaga yanzu abun ya juya, ta hagu ke ciwo sai ya koma yana jibga nauyi a kan ta dama, wadda aka ɗora, mai karkata, ita kuma sai ƙurji mai zurfi ya fito mata a cikin kofato. Ranar 27 ga Janairu Richardson ya yi dabara ta ƙarshe, ya huda ƙashin ƙwaurin dama ya ratsa sandunan ƙarfe biyu suka fito ta gefe da gefe, aka haɗa su da wani firam a waje mai tafi a ƙasa, yadda nauyin zai bi ta sandunan ya sauka ƙasa ba tare da kofaton ya taɓa komai ba. Shi da kansa ya ce akwai haɗari, ƙashin na iya karyewa ta wurin hujin. Ƙashin bai karye ba. Amma dokin da ƙafafun bayansa biyu ke ciwo gaba zai tura nauyinsa, kuma dama ƙafafun gaba su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin doki ko da lafiyarsa, cikin kwana biyu laminaitis ta bayyana a duka biyun. A daren ƙarshe ya kasa kwanciya ya kasa tsayuwa cikin natsuwa, abun da bai taɓa yi ba duk tsawon jinyar. Safiyar Litinin 29 ga Janairu 2007 aka masa allurar, masu shi na tsaye a ɗakin.

In ka tambaye ni ko an wahalar da shi, zan ce tiyatar farko daidai ce, fata bata fashe ba, jini na gudu, dokin mai hankali ne yana haƙuri da siminti da majanyi, ga kuɗi ga ƙwararru, in ba a gwada a kansa ba a kan wa za a gwada. Shawarar Yuli ce mai wuya, kuma masu cewa da an tsaya a nan ba mugaye bane, domin ƙafa biyu cikin huɗu sun riga sun tafi kuma kowa a ɗakin ya san yadda lissafin ke ƙarewa yawanci. Amma kuma watannin Agusta zuwa Disamba ba na azaba bane, doki ne da ke fita kiwo kullum yana ƙara ƙiba. Inda nake ɗan jin nauyi shine makonni ukun ƙarshe, sai dai mai kallo daga nesa bayan an gama komai bakinsa baya ciwo.

Bayan mutuwarsa bincike ya bi hanya biyu. Ta farko ita ce a hana karayar tun kafin ta faru. A Kalifoniya tun 1990 duk dokin da ya mutu a filin tsere sai an buɗe gawarsa an bincika, kuma aikin su Dakta Susan Stover a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna mafi yawan waɗannan munanan karayar ba tsautsayin taku ɗaya bane, akwai tsohuwar gajiya a ƙashin, 'yan ƙananan tsagogi da suka taru a daidai wurin da ya karye, sau da yawa har a ɗaya ƙafar ma ana samun irinsu. Ƙashi abu ne mai rai, in ana masa aiki yana rushe tsoho ya gina sabo, to in gudun ya fi ginin sauri sai a samu wuri mai rauni wanda hoton ƙashi na yau da kullum baya nunawa. Bayan wata goɗiya Eight Belles ta karye ƙafafun gaba biyu jim kaɗan da zuwa ta biyu a Derby na 2008, a shekarar aka buɗe rumbun tattara bayanan raunin dawakin tsere na ƙasar, lissafin 2009 ya nuna doki 2 ke mutuwa a duk tashi 1,000, kuma adadin ya sauko sosai daga baya. A ƙarshen 2019 aka girka wata na'urar hoto a filin Santa Anita mai gano wurin da ƙashi ke ciwo tun bai tsage ba, dokin na tsaye ake ɗauka. A ɓangaren tiyata ma yanzu tsagewar ƙwauri mai sauƙi ana iya ɗaure ta da sukuru dokin na tsaye, a bashi maganin kwantar da hankali a kashe ƙafar, an tsallake siraɗin farfaɗowa kenan gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ta kofato. A Ostireliya, Chris Pollitt da ɗalibinsa Andrew van Eps na Jami'ar Queensland sun nuna tun 2004 cewa in aka tsoma ƙafar doki cikin ruwan ƙanƙara ba ɗagawa na kwanaki ana iya tare laminaitis ɗin da gubar jini ke kawowa, kuma doki yana jure sanyin da mutum ba zai jure ba, yanzu wannan ya zama aikin yau da kullum a manyan asibitoci. Amma nau'in da ya kama Barbaro kamar ba ta wannan hanyar yake zuwa ba. Abun da binciken baya-bayan nan ke nunawa shine ba nauyin kansa ne kaɗai ke ɓarnar ba, rashin motsi ne. Doki mai lafiya ko a tsaye yake a turke baya tsayawa cak, ka lura da shi, yana ɗan ɗaga wannan ya ajiye, ya karkata nan ya dawo can, kuma wannan ɗagawa da ajiyewar ita ke tura jini cikin ganyayyakin kofato kamar famfo. Ƙafar da aka bar wa aikin biyu bata samun damar ɗagawa, sai jinin ya ragu, ganyayyakin su ji yunwa su saki. Shi yasa likitocin yanzu basa tsayawa kallon karyayyar ƙafa kawai, suna ƙirga sau nawa dokin ya sauke nauyi daga mai lafiyar, suna neman majanyin da zai rage nauyi amma ya bar shi ya motsa, suna matsa wa maganin zafi dan ya yarda ya dogara wadda aka ɗora da wuri.

An ƙone gawar Barbaro aka binne tokar a ƙofar filin Churchill Downs inda ya ci Derby, a 2009 aka kafa gunkinsa na tagulla a kai. Su Jackson kuma 'yan makonni bayan mutuwarsa suka ba Jami'ar Pennsylvania dala miliyan 3 aka kafa kujerar farfesa ta binciken cututtukan dawaki da sunan Dean Richardson. Wanda aka ɗauko daga baya ya hau kujerar shine van Eps ɗin nan na Ostireliya, kuma babban abun da yake bincike a New Bolton shine ƙafar da bata karye ba.